Jininsu Ya Haɗu

A gidanmu ba a kai 'ya waje. Haka na taso na tarar. Kakan babana ya shigo Tamale da shanu daga arewa, ya kafa gida a zango, unguwar Hausawa, tun daga nan zuri'arsa ke auren juna. Tuwona maina, in ji manya. Mijina ɗan wan babana ne, tsakar gida ɗaya muka yi rarrafe, ranar da aka ɗaura mana aure ɗaki kawai na sauya. Ba wanda ya tilasta ni. Ina son sa a lokacin, yanzu ma ban daina ba. Sai daga baya muka kama haya a unguwar Lamashegu, inda nake sayar da koko da ƙosai a bakin titi.

Na haifi uku. Babbarsu mace ce, lafiyarta lau tun tana jaririya. Na biyun namiji ne. Da ya fara zama sai hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, farin idonsa ya koma kamar gwaiduwar ƙwai. In hadari ya haɗo yakan yi wani irin kuka, ba na yunwa ba, ba na rigima ba, kukan ƙashi. 'Yan gida kowa da nasa sani. Wannan ta ce amosani ne, waccan ta ce iska ce ta shafe shi a bakin rijiya. Yayar mijina, wadda ni ma Yaya nake ce mata tunda 'yar wan babana ce, ta ce nonona ne bai da kyau. Muka shafa man kaɗe, muka yi turare, muka sha rubutu. Bai kai shiga makaranta ba ya rasu.

Autata ma da shi ta zo. Ita kam na kai ta asibiti da wuri, a can na ji sunan abin: sikila. Harafin da na fara sani a duniya S ne, tun kafin in shiga makarantar manya in koyi rubuta sunana. Wata nas ce ta nuna mini shi da yatsa. Bayan an ɗebi jinina da na mijina, ta zaunar da ni, ta yi mini bayani da Hausar kasuwa, irin wadda ba ta raba mace da namiji.

“Mma, kai yana da shi rabi. Mijinka yana da shi rabi. Ku ba ciwo. Amma jini ya haɗu, ya faɗi kan yaro.”

Na tuna fuskarta sarai. Ba ta yi murmushi ba.

Ta tambaye ni ko ni da mijina 'yan'uwa ne, na ce mata kakanmu ɗaya. Ta gyaɗa kai. Ta ce bare ma yana iya ɗauke da rabin, amma in gida ɗaya ake ta auren juna, abin da ke ɓoye a jini ya fi saurin gamuwa da ɗan'uwansa. Na dawo na faɗa wa 'yan gida. Suka ce maganar asibiti ce. Ni kuma ba mai musu ba ce, na ci gaba da jinyar 'yata.

Shekaru suka tafi. Babbar ta gama sakandare, ta koyi ɗinki, ta buɗe ɗan shago a Dabokpa. Yaya kuwa tana da ɗa, direban yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku. Taubasai ne shi da babbar 'yata, ɗan mace da 'yar namiji, kuma tun suna ƙanana suke tsokanar juna. Yana ce mata baiwarsa, tana ce masa ɗan kwashe-kwashe. Yaro ne na kirki, ba zan ɓoye ba. Duk ranar da ciwon autata ya tashi shi nake kira, ya sauke fasinja ya zo, ya ɗauke ta cak ya sa a keke, yana kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai. Ban lura da ranar da wasan taubasai ya zama wani abu ba. Sai dai na ga ya daina ce mata baiwa, ita kuma ta fara ɗinka masa riguna ba ya biya.

Da Yaya ta aiko da goron neman aure, gida ya ɗauki murna. Ni abu ɗaya na roƙa. Na samu maigida yana karyawa, na durƙusa na ce, “Malam, a bari su je a gwada jininsu tukuna.”

Ya daɗe yana juya koko a kofi. Shi ya ɗauki ɗanmu a hannunsa zuwa maƙabarta, ba sai na tuna masa ba. Ya ce zai gaya wa Yaya.

Yaya ta zo da kanta. Har yau Amarya take ce mini, ko da furfura ta fito mini. “Amarya, jinin da na san asalinsa tun daga kan kakanmu, shi za a kai wa wata yarinya mai farar riga ta gwada mini? To, a je. Ni zan raka su, kada a ce na ƙi.”

Na so in je, amma damina ce, autata na kwance ƙafa ta riƙe. Suka tafi wani ɗan asibiti a Choggu aka ɗebi jini, ranar karɓar sakamako ma su uku suka koma.

Ina wanke gero da hantsi na ji guɗa tun daga bakin titi. Yaya ce ta sauko daga yalo-yalon ɗanta, mayafi na jan ƙasa, maƙwabta suna leƙowa.

“Amarya, fito ki ji. Likita da bakinta ta ce jininsu ya haɗu. Har ta ƙara da cewa iri ɗaya ne. Sai ki kwantar da hankalinki.”

Matan gidan haya suka taru ana barka. Wata ta ce ai dama, ruwan da aka ɗebo daga randa ɗaya yaya za a yi ya ƙi haɗuwa. Kowa ya san in aka ce jinin mutum biyu ya haɗu, an yi dace ke nan, za a zauna lafiya. Ni ma da farko sai da na ji sanyi a raina. Amma hannuna na cikin ruwan gero maganar ta dawo mini da muryar nas ɗin nan ta da. Na ɗaga kai na nemi 'yata. Tana tsaye jikin keke tana gyara igiyar takalmin da bai kwance ba. Yaron kuma ya duƙufa yana goge madubi.

Washegari da safe ta fito taya ni suya kafin ta wuce shago. Na bari layin masu koko ya ragu.

“Da matar nan ta ce jininku ya haɗu,” na ce, “tana murmushi?”

Ta juya ƙosai. Ta sake juya wanda ta riga ta juya.

“Mma, ai kin ji abin da Goggo ta ce.”

“Na ji na Goggo. Naki nake tambaya.”

Sai da ƙosan ya fara ƙonewa ta yi magana, idonta a kan kasko. Ta ce matar ta yi musu bayani da Turanci, ita da shi, dalla-dalla. Kowannensu na ɗauke da rabin. Ta ba su shawara su yi tunani sosai. Goggo da ke gefe ba ta jin Turanci, ta gaji da jira ta ce a gaya mata da Hausa. Matar Badagombiya ce, 'yar ƙabilar garin, Hausarta ta ciniki ce. Ta ce, “Mma, jini ya haɗu. Duka biyu iri ɗaya.” Ba ta rufe baki ba Goggo ta rangaɗa guɗa a cikin ofis, ta kama hannunta tana sa mata albarka, ta yi waje. Matar ta bi ta da kira, ba ta waiwayo ba.

“Ku kuma fa?”

“Mun bi bayanta.”

“Kun ji Turancin, kun bi bayanta.”

“Mma, ina son sa.” Ta faɗa a hankali. “Kuma ba dole ba ne ya faɗa kan kowane yaro. Ga ni nan.”

Na kwashe ƙosan da ya ƙone na zuba wa kaji. Ban yi mata faɗa ba, ban iya faɗa ba. Yarinyar da ta goyi ƙanwarta zuwa asibiti, ta riƙe mata hannu ana neman jijiya, ita ce ta ɓuya a bayan Hausar da ta karkace. Shi ma haka. Kuskuren Yaya kuskure ne na kunne, kowa na iya yin sa. Nasu ba kuskure ba ne.

Na gaya wa maigida. Ya ce maganar ta fi ƙarfin ɗaki, sai a babban gida. Ranar Juma'a bayan la'asar muka je zango, har da autata, don ba na barin ta ita kaɗai a gida in jikinta bai yi ƙwari ba. Ta zauna a benci ta lulluɓa da zanena. Yaya sana'arta doya, tsakar gidan duk tulin doya ne an rufe da buhu. Matan gida suka zazzauna, maza biyu uku a bakin zaure, yaron yana tsaye can baya.

Na yi magana yadda na saba, ba da ƙarfi ba. Na ce abin da matar asibiti take nufi daban ne da abin da muka ji. Na ce haɗuwar nan irin tawa ce da Malam. Na ce 'yata, faɗa musu. Ta faɗa, kanta a ƙasa. Aka tambayi yaron, ya ce haka ne.

Na ɗauka za a yi salati. Na ɗauka wata za ta ce Allah ya kiyaye, gara da aka gane. Abin da na gani shi ne fuskoki suna neman hanyar da za su bi su koma inda suke jiya.

“Ni dai abin da kunnena ya ji shi na riƙe,” in ji Yaya. “Ta ce ya haɗu. In tana da wata magana, me ya hana ta faɗa?”

“Kin ba ta wuri, Yaya?”

Wata matar ƙanin mijina ta ce cuta da lafiya duk na Allah ne. Wani daga zaure ya ce an riga an raba goro har Kumasi, da wane baki za a ce an fasa. Wata tsohuwa ta ce in ba a ba ɗan gida ba wa za a ba, so ake a kwashi 'yar zango a kai ƙauye ta koyi surfen dawa da wani yare? Aka yi 'yar dariya. Waɗannan mutanen su suka yi mini zaman makoki. Wasunsu ma sun binne nasu, an ce iska ce, an ce mayu ne, an ce wabi ne har an tsaga wa jariri fuska. Ba wadda ta ɗaga ido ta dubi benci.

Yaya ta gyara zama. “To, Amarya, tunda kin zama likita. Duk ɗan da suka haifa zai zo da shi?”

“A'a. Kowane ciki da nasa rabo. Sun ce kamar a sa abu huɗu a ƙwarya a rufe ido a ɗauka, ɗaya daga ciki ne mai ciwon. Amma duk ciki sai an sake ɗauka. Ni sau biyu na ɗauko shi.”

“Ɗaya cikin huɗu.” Ta tafa hannu, ta juya wajen mata. “Kun ji abin da ake ta da jijiyar wuya a kai. Ni da nake sayen doya a gona, in na ɗauko huɗu ɗaya ta ruɓe, ai ban yi asara ba. Sai in gode wa Allah da ukun.”

Ban san yadda zan rubuta abin da na ji ba. Kamar ka ɗaga murfin tukunyar da ka ci daga ciki jiya ka tarar da tsutsa. Matar nan tare muka tashi. Ita ta wanke ɗana da aka haife shi.

Autata bakinta ya fi jikinta ƙarfi, haka take tun tana ƙarama. Ta sauke zane daga kanta.

“Goggo, ruɓaɓɓiyar me kike yi da ita? Awaki kike ba, ko kina yanke wurin ki sayar da sauran?”

Mata biyu suka tuntsire da dariya. Dariyar nan ta fi maganar doya ƙona mini rai, don dariyar jin daɗi ce, wai yarinya ta iya zance.

“Ke, ba da ke nake ba,” in ji Yaya.

“To da wa? Mu biyu ne. Ɗayan yana maƙabarta.”

Maigida ya cire hula ya mayar. Sai babbar ta miƙe. Ta je benci, ta ɗaura wa ƙanwarta zane da kyau, ta ɗora hannun yarinyar a kafaɗarta. Ba ta dubi yaron ba. Ta tsaya gaban ubanta ta rusuna.

“Baba, a mayar musu da goronsu.”

“Kin tabbata?”

“Na tabbata. Ba zan haifi ɗan da za a ƙirga shi da doya ba.”

Ranar ba mu hau kekensa ba. Mun tsaya a bakin titi muka tari na wani.

Ba zan ce daɗi ya biyo baya ba. Yaya ta daina amsa gaisuwata. A biki in na zauna, tabarma sai ta yi faɗi. Aka ce na shiga makarantar manya na koyo raba zumunci. 'Yata ta rame, ta daina fitowa suya, in na yi mata magana sai e ko a'a. Na san ba da ni take fushi ba, amma ni ce a kusa. Na bar ta. Sai da wata damina ta zagayo na ji ta tana waƙa a kan keken ɗinki. Yanzu akwai wani malamin makaranta, Badagomba, da ke yawan kawo wando a rage masa tsawo, wandon da ban ga abin da ya same shi ba. Ta gaya masa tun kafin magana ta yi nisa cewa sai an gwada jini, kuma da ni za ta tafi. 'Yan zango suna cewa bare ne. Ni na ce Allah ya sa jininsu ya saɓa.

Abin da gidanmu ya koya daga wannan magana kuwa shi ne kada a ƙara zuwa asibiti. Ba a daɗe ba aka ba yaron 'yar ƙanin mijina, wata taubashiyar tasa. Yaya ta ce wannan karon ba gwaji, gwaji ne ke kawo fitina. Aka yi biki na kece raini. Matar ta haihu, namiji.

Na je suna, don zumunci ba a yanke shi daga ɓangarena ba. Aka ajiye mini tuwo da miyar ayoyo, mai yana yawo a kai. Na dube shi na tura gefe. Da aka miƙo mini jariri ban san lokacin da na buɗe tafin hannunsa ina latsa bayan yatsun ba, alhali na san ba a gani a wannan lokacin.

“Amarya, me kike nema?” in ji Yaya daga bakin ƙofa. Maganarta ta farko gare ni ke nan tun ranar doya. “Ƙirga da kyau, biyar ne.”

Na ce Allah ya raya, na mayar wa uwarsa.

Da na fito, uban jaririn ya biyo ni da kekensa. “Inna, hau in kai ki.” Na hau. Bai kunna waƙa ba yadda ya saba. Muna gab da Lamashegu ya rage gudu, bai waiwayo ba.

“Inna, hannun nan, yaushe yake fara kumbura?”

“Wajen lokacin da yaro ya fara zama. Amma kada ka jira hannu. Ana gwada jariri ma. Ka kai shi, ka kai uwarsa.”

“Mma ba za ta yarda ba.”

“Ba da ita za ka je ba. Kai ai kana jin Turanci. Ka ji wancan karon ma.”

Ya sauke ni a ƙofar gida, ya ƙi karɓar kuɗin mota. Autata na zaune a dakali tana shan hantsi, ya ɗaga mata hannu, ta ɗaga masa. Na tsaya ina kallon sa har ya kai mararraba, in ga ko asibitin Choggu zai nufa ko zango. Wata babbar mota ta gitta, ban gani ba.